Tagwayen Mita da Baƙon Azahar

Ku da kuka cika mini waya da "ina kika shige?", to ga ni. Ban mutu ba, ban yi aure ba, ban kuma haukace ba, duk da dai saura ƙiris. Sati uku ban rubuta muku ko harafi ɗaya ba, saboda in na ɗauki wayar haushi ne ke sa in ajiye ta. Yau ma da haushin nake rubutu. Wadda ta zo neman zancen "hasken idona, sanyin zuciyata" ta yi haƙuri ta yi gaba, yau babu shi a nan.

Ga waɗanda yanzu suka iso, bari in taƙaita. Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida. Ina zaman gwaji na wata shida a ɗakin gwaje-gwajen wani kamfani da ke haɗa batir na fitilun sola. In na cika watannin nan lafiya, a tabbatar da ni a aiki. In ban cika ba, in kama gabana. Sai kuma Injiniya, wanda ni da kaina na kawo shi gida. Ku riƙe wannan da kyau, kada wata ta zo tana tausaya mini wai an yi mini dole. Ni na gani, ni na ce ina so, ni na nace har Umma ta daina harararsa.

Abu ɗaya ne ya tsaya a tsakaninmu: Injiniya ba ya son matarsa ta riƙa fita aiki. Bai taɓa faɗa da tsawa ba. Shi irin mutanen nan ne masu magana ƙasa-ƙasa, kullum cikin farar riga mai guga da ƙamshi, sai ya gama da kai kafin ka gane an yi gardama. Abba ne ya raba mu, ranar da ya zaunar da mu a falo.

"In sun tabbatar da ita, da aikinta za ka ɗauke ta, kuma a gaban iyayenka zan faɗa. In ba su tabbatar da ita ba, Allah bai yi ba, sai ta zauna."

Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce, "Na amince, Abba." Har da ɗan murmushi. Aka tsayar cewa iyayensa za su zo ranar wata Asabar, ni kuma wata shidana zai cika ranar Alhamis ɗin da ke gabanta. Kwana biyu ne tsakani.

Yanzu ku ji aikin, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane abin da aka yi mini ba.

Shugabar ɗakinmu, Dakta, mace ce da ba ta maimaita magana. Ita ta ba ni gwajin sanyi. Batir biyu ne iri ɗaya, ɗaya a cikin akwatin sanyi, ɗaya a kan tebur. Kowanne da mitar da ke auna ƙarfin wutarsa yayin da yake zuƙewa a hankali na tsawon awa huɗu. Da can mutum ne ke zama da biro yana kwafe lamba duk bayan minti biyar, har wuyansa ya ƙage. Ni da rawar kaina na ce zan rubuta wa kwamfuta umarni, ta riƙa tambayar mitocin da kanta ta igiyar USB, tana zuba amsar a jadawali. Dakta ta dube ni ta saman tabarau.

"In ya yi, shi ne takardar tabbatar da ke."

"In bai yi ba fa, Dakta?"

Ta koma kan takardunta. Na gane.

Mitocin nan tagwaye ne sak. Kamfani ɗaya, launi ɗaya, igiyoyinsu baƙaƙe iri ɗaya, duk sun bi ta bayan tebur sun fito wajen kwamfuta. Ita kwamfutar lamba take ba su, ɗaya Sifili, ɗaya Ɗaya. Na duba na ga Sifili ce ta akwatin sanyi, Ɗaya ce ta kan tebur, na rubuta haka a cikin umarnin. Da safe in yi wa batiran caji, in na dawo daga sallar Azahar in kunna gwaji, da yamma in kashe kwamfuta in tafi gida. Satin farko lafiya lau. Na kan tebur ya daɗe, na cikin sanyi ya riga shi mutuwa, kamar yadda ko ɗan koyo ya sani. Har rangaji nake yi a cikin farar rigar aikina.

Sai wata Talata jadawali ya fito a kife. Wai batirin da ke cikin sanyi ya fi na kan tebur daɗewa.

Dakta ta ɗaga takardar da yatsa biyu kamar ta ɗauko tsumma. "Wato kin gano cewa batir ya fi son zaman firji? Madalla. A sanar da duniya."

Duk ɗakin aka kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari ya fito daidai. Jibi daidai. Gata kuma ya sake kifewa. Jama'a, wannan shi ne abin da ya fi cin rai. Da kullum ne yake lalacewa, da na san inda zan kama. Amma yau ya yi, gobe ya ƙi, kamar mai aljanu.

Babu abin da ban yi ba. Na sauya igiyoyin da sababbi. Na ce ko kwamfuta na yi wa mitocin gaggawa ne, na sa ta riƙa jira rabin daƙiƙa tsakanin tambaya da tambaya. Na ƙara mata lokacin jiran amsa. Na ce ko tsohuwar amsa ce ke maƙalewa a cikin mita ta fito a madadin sabuwa, na sa a riƙa share musu ciki kafin a fara. Na sa a tambaye su ko suna da ƙorafi, duk biyun suka ce babu. Na goge manhajar da ke haɗa su da kwamfuta na sake zubawa. Na karanta littafin mitar, shafi ɗari biyu da wani abu, har idona ya fara ganin lambobi a jikin bango. Na bi rubutuna layi-layi ya fi sau talatin. Babu kuskure. Amma jadawali ya ci gaba da kifewa ranar da ya ga dama.

A gida kuwa ba a bar ni na sha iska ba. Da safe ina ɗaura mayafi a tsaye, kofin shayi a hannu ɗaya, Umma za ta fara.

"Auta, dubi wuyanki. Duk kin zama ƙashi. Wannan aikin naki sai ya kashe ki tukuna?"

"Umma, matsala ce kawai, zan gano ta."

Yayata, wadda ta zo hutu da jaririnta ta kafa sansani a ɗakina, ta ce daga kan gado, "Sati nawa kina zan gano, zan gano? Ke dai ki gode Allah kin sami mai haƙuri. Wani da tuni ya ce ki zaɓa."

"Yaya, don Allah ki ji da ɗanki."

"Au, ni kike faɗa wa haka? Umma, kin ji ta ko? Injunan nan sun fara taɓa mata kai."

Mtsww. Na figi jakata na fita ban ƙarasa shayin ba.

Shi kuma Injiniya, kai, sai ka rantse babu mai tausayina kamarsa a duniya. Ga irin saƙonninsa, ban goge ko ɗaya ba:

"Malama, ya jikin mitocinki? Sun tashi lafiya?"

"Kada ki sa damuwa a ranki. Wani abin ba gazawa ba ce, alama ce."

"Ina ƙofa. Na kawo miki lemo mai sanyi."

Wannan na ƙarshen shi ne inda laifina yake, kuma ba zan ɓoye muku ba. Ofishinsu ba nisa da mu, yakan leƙo da Azahar, wani satin sau biyu, wani satin sau uku. A ƙofar ɗakinmu an rubuta da jan fenti cewa ba a shiga sai ma'aikaci. Amma lokacin kowa ya tafi cin abinci, waje kuma rana, ni kuma ga soyayya ta rufe mini ido. Sai in shigo da shi in ba shi kujerar da ke kusa da teburina, in je in yi salla minti goma, in dawo mu ɗan yi hira, in raka shi, in kunna gwaji. A wannan kujerar na zauna ina yi masa bayanin matsalata dalla-dalla, har da hawaye. Shi injiniyan lantarki ne fa, ba baƙon abin ba ne. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, "Abin da ɗaure kai." Ya miƙo mini hankicinsa.

Ranar Litinin ta satin ƙarshe Dakta ta tsaya a kaina. "Alhamis, ƙarfe goma. Ko ki kawo mini dalili, ko ki kawo mini makullin kabad ɗinki."

Laraba da safe ina zaune na zuba wa allo ido, ko ƙiftawa ba na yi. Akwai wani dattijon ma'aikaci a ɗakinmu, Baba Tef muke ce masa, saboda duk abin da ya shigo hannunsa sai ya manna masa farin tef ya rubuta suna. Har butar shayinsa an rubuta mata "buta". Bai san komai a kan kwamfuta ba, ba ya ma son ta. Ya zo wucewa da kwalin fis na lantarki, ya tsaya.

"'Yata, har yanzu tagwayen nan ne?"

"Su ne, Baba."

"To ke ya kike bambanta su?"

"Kwamfuta ce ke ba su lamba. Wannan Sifili, wannan Ɗaya."

"Ita kuma wa ya gaya mata?"

Na juya na dubi mitocin.

Ya ce, "Ni dai jikokina tagwaye ne. Kullum suka shigo sai na tambaya, kai wane ne? Don in na ce wanda ya fara shigowa shi ne babba, ranar da ƙaramin ya rigo shi na shiga uku." Ya ja kwalinsa ya yi gaba.

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Kwamfuta ba ta san wace mita ce ta sanyi ba. Wadda ta fara gani ita take kira Sifili, shi ke nan. Ni kuma na ɗauki lambar nan kamar sunan yanka. Kowace mita tana da lambar jikinta da kamfani ya buga mata, kuma in ka tambaye ta za ta faɗa. Sati uku ina tambayarsu komai, ban taɓa tambayarsu su wane ne ba.

Nan take na ƙara layi shida. Kafin a fara gwaji, a tambayi kowace mita lambar jikinta, in ba ta dace da wurin da na sa ta ba, a tsaya a yi mini ihu. Na gwada. Komai daidai, Sifili ta sanyi, Ɗaya ta tebur. Na ce to, ko ba a nan matsalar take ba? Don da safe in na kunna kwamfuta kullum a jere ɗaya take ganinsu. Me zai sa su sauya da rana tsaka, alhali ba wanda ke taɓa su?

Ƙarfe ɗaya da kwata waya ta yi ƙara. "Ina ƙofa."

Na shigo da shi. Ya sha farar rigarsa, agogonsa na ƙyalli, ya ajiye mini lemo a kan tebur. Ban gaya masa zancen layi shidan ba, ba don ina zarginsa ba, Allah ya sani, sai don na gaji da jin "abin da ɗaure kai". Na je na yi salla, na dawo, ya ce in daina ramewa kafin Asabar kada mahaifiyarsa ta ce ba a ba ni abinci. Na yi dariya. Ni, na yi dariya! Na raka shi, na dawo na danna maɓallin farawa.

Jan rubutu ya cika allo. Mitar da ke Sifili ba ta sanyi ba ce.

Na zauna daɓas. Awa uku da suka wuce daidai suke. Ban kashe kwamfuta ba, ban taɓa igiya ba. Na buɗe rajistar kwamfutar, inda take rubuta duk abin da aka soka mata da duk abin da aka zare, da lokacinsa har daƙiƙa. Ban taɓa dubawa ba, don ban taɓa tunanin akwai mai zarewa ba.

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin da biyu, an zare mitar sanyi. Daƙiƙa biyu bayan nan, an zare ta tebur. Sannan aka mayar da ta tebur, sannan ta sanyi. Duka aikin daƙiƙa tara. Lokacin ina raka'a ta biyu.

Na koma baya, rana bayan rana. Ranar Talatar farko, ranar da aka yi mini dariya, an zare duka biyun, an soka waya, ga sunan samfurinta ɓaro-ɓaro, irin tasa. Ta yi minti takwas tana caji, aka zare ta, aka mayar da igiyoyin a juye. Wannan na yarda kuskure ne. Cajinsa ya ƙare, ya ga ƙofar USB, ya zare abin da ya tarar. Da a nan ya tsaya, da sai dai in yi masa masifa mu wuce wurin.

Amma sauran ranakun babu waya. Babu waya, jama'a! Zare, zare, mayar, mayar. Daƙiƙa tara, daƙiƙa bakwai, daƙiƙa goma sha ɗaya. Sau bakwai. Na ɗauko wayata na jera ranakun da "ina ƙofa". Ba ɗaya da ya kuskure. Na jera su da ranakun da jadawali ya kife. Ba ɗaya da ya kuskure. Wato da bakina na yi masa bayanin matsalar, shi ya gane dalili tun ranar, ya riga ni da sati uku, sai ya mayar da shi sana'a.

Ban yi kuka ba. Na sha mamakin kaina. Na ɗauki lemon da ya kawo na jefa a kwandon shara, ban ko buɗe shi ba. Na gyara rubutuna ya riƙa kiran kowace mita da lambar jikinta, ko ta wace ƙofa ta shigo, ko wa ya riga wa. Na zare igiyoyin da kaina na juya su sau biyar, sau biyar yana gane su. Na koma kan jadawalan nan bakwai da suka kife, na musanya layukan biyu, suka zauna cif da sauran. Aikina bai taɓa lalacewa ba. Na buga rajistar a takarda, kwafi biyu.

Da yamma, kafin Magariba, ya zo gida kamar yadda ya saba ranar Laraba. Ban sauya kaya ba, da doguwar rigar da na wuni da ita na fito, ko hoda ban shafa ba. Yaya har tana cewa, "Haka za ki fita kamar wadda aka koro?" Na same shi jingine da motarsa a ƙofar gida yana danna waya. Na miƙa masa takardar.

Ya karanta. Na san ya gane tun layin farko, don na ga maƙogwaronsa ya motsa. Amma sai da ya kai ƙarshe, ya ninke ta biyu, ya miƙo mini.

"Kin iya aiki, Malama."

"Abin da za ka ce ke nan?"

"Me kike so in ce?"

"Ka ce ba kai ba ne! Ka yi mini ƙarya mana, ko na ji daɗin ƙaryata ka!"

Ya dubi ƙofar gidanmu. "Rage murya, Abba na ciki."

"Ba zan rage ba. Sati uku! Ina kuka a gabanka, kana ba ni hankici. An yi mini dariya a gaban mutane. Na daina cin abinci, na fara zargin ƙwaƙwalwata, na ce ko dai ni daƙiƙiya ce ban sani ba. Kai kuma kana zaune kana jira in kabbara salla ka miƙa hannu bayan tebur. Ba ka ji kunyar Allah ba?"

"Don mu na yi." Haka ya faɗa, a natse, kamar mai ba da labarin hanya. "Na yi wa Abba alkawari ba zan hana ki ba, kuma ban hana ki ba. Ke ba ki ga yadda kike dawowa gida ba? Haka zan riƙa ganin matata, a gajiye, kanta cike da mita? Wata rana za ki gode mini."

"In gode maka? Ni?"

"To yanzu me za ki yi da takardar?"

"Gobe ƙarfe goma tana gaban Dakta."

Sai ya yi wannan ɗan murmushin, irin wanda ya yi wa Abba. "Ki kai mata. Za ta tambaye ki wa ya zare igiyoyin. In kin ce ke ce, to ke ce mai sakacin da ta ɓata musu sati uku. In kin ce ni ne, wa ya shigar da ni ɗakin da aka rubuta ba a shiga? Sau takwas?" Ya buɗe ƙofar motarsa. "Ki yi tunani da kyau. Ki gaida Umma."

Na tsaya a wurin har ƙarar motarsa ta ɓace. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Ya lissafa komai tun kafin ni in fara.

Yaya ta ga fuskata, ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. Na gaya mata. Ta yi salati, ta zauna a bakin gado. Sannan ta ce, "Ki ce mai shara ce ta taɓa igiyoyin. Wa zai bincika? Ki tsira da aikinki tukuna, shi kuma a ji da shi daga baya."

"Yaya, matar nan da safe take shara. Kuma 'ya'ya gare ta. In ɗora mata laifin saurayina?"

"To ki ce kwamfutar ce ta yi da kanta."

"Dakta ce fa. Rajistar za ta nema."

"Ke dai taurin kanki ne zai kashe ki," in ji ta, amma wannan karon ba da faɗa ta faɗa ba, har ta kama hannuna.

Alhamis, goma saura biyar, ina ƙofar ofishin Dakta. Na sa baƙar doguwar riga da farin mayafi, na goge takalmina, na ce ko korar ce a kore ni da tsabta. Na ajiye mata jadawalai ashirin da ɗaya, duk a miƙe. Na nuna mata gyaran. Ta taso da kanta muka je teburina, ta zare igiyoyin ta juya su, ta danna. Ya gane su. Ta sake juyawa. Ya gane su. Na ga gefen bakinta ya ɗan motsa, wanda a wurin Dakta wannan shi ne tafi da guɗa.

Muka koma ofis. Ta ɗauki rajistar, ta bi ta da biro.

"Wa ke zare mini igiya da ƙarfe ɗaya da minti ashirin?"

Na ji maganar Yaya a kunnena, na ji ta Injiniya.

"Baƙona ne, Dakta. Ni na shigo da shi. Sau takwas."

"Baƙonki."

"Wanda zan aura."

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba. "Ya san abin da yake yi?"

"Injiniyan lantarki ne."

Ta ja dogon numfashi. "Rubutunki ya fi na mutanen da suka shekara biyar a nan. Wannan zan rubuta, don gaskiya ne. Kin shigo da baƙo ɗakin da ke da batir a kan gwaji, wannan ma zan rubuta, don shi ma gaskiya ne. Ba ni kaɗai ke yanke hukunci ba, manya za su zauna Litinin. Kafin nan, ajiye katin shigarki a nan."

Na cire shi daga wuyana na ajiye a kan teburinta. Na fito. Baba Tef na tsaye a baranda, ya dube ni, ya dubi wuyana, bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "Allah ya sa mu ga alheri, 'yata."

Ina fita daga get ɗin kamfani na hango motar Injiniya. Yana tsaye a gefenta, ya riga ya buɗe mini ƙofar gaba. Tun yaushe yake jira, oho. Idonsa ya sauka a wuyana, ya ga babu kati, fuskarsa ta yi wani laushi kamar mai ta'aziyya.

"Sannu, Malama. Shigo mu je gida, ya wuce."

Na bi ta gefensa kamar ban ga mutum ba. Yana kira, ina tafiya. Ban kai tashar mota ba wayata ta yi ƙara. Abba.

"Auta, kina ina? Injiniya ya kira ni ɗazu, ya ce aikin bai yiwu ba, wai kada in yi miki faɗa. Ki yi haƙuri, haka Allah ya so. Ki taho gida, Ummanki na ta shirin baƙin jibi."

Na tsaya cak a bakin titi. "Abba, ƙarfe nawa ya kira ka?"

"Wajen tara da rabi. Me ya faru?"

Tara da rabi. Ko ofishin Dakta ban shiga ba lokacin.

"Abba, aikin bai ƙare ba, sai Litinin za a sani. Amma ka ce wa Umma ta dakata da shirin nan. Ka kira iyayensa ka ce kada su zo."

Ina jin numfashinsa, ina jin motar Injiniya ta taso a hankali tana biyo ni ta baya.

"Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani, Abba. Akwai takardar da zan nuna maka, kwafi ɗaya ya rage a jakata."

Sai ya ce, da wata murya da rabon da in ji ta tun ina ƙarama, "Kada ki shiga motar kowa. Ki tsaya inda kike, ga ni nan zuwa."